Shirwa Ta Ƙi Ɗaukar Janar

Jiya da dare, can gab da kiran assalatu, na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa yau. Kokon da na dama yana nan a kofi har ya yi sanyi. 'Yan uwana mata masu kiwon kaji na wannan dandali, na san a cikinku akwai waɗanda suka yi karatu, akwai kuma waɗanda suka tashi a hannun kakanni masu sanin mafarki. Don Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni amsa kafin la'asar, domin da la'asar ɗin nan mai sayen karnuka zai tsaya a ƙofar gidanmu, kuma ni na ce ya zo.

Sai na fara gaya muku abin da ya faru ido biyu, in ba haka ba mafarkin ba zai shiga kanku ba.

Ina da wata kaza 'yar Hausa da nake kira 'Yar Wake saboda launin jikinta. Ƙarama ce, in an ɗaga ta ba nauyi, amma wajen kwanci ban taɓa ganin irinta ba, ko gobara ake yi ba ta tashi daga kan ƙwai. Na daɗe ina burin in haɗa ta da zakara mai girma, in samu iri mai jikin uba da juriyar uwa. A bayan makarantar unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai wani ƙaton zakara irin na waje, gashi har kan yatsunsa kamar ya sa safa. Na yi zarya gidan matar nan har yaranta suka saba da ni. Na kai mata daddawa, na yi mata kitso kyauta, kafin ta yarda ta ba ni aronsa. Na rufe shi da 'Yar Wake a akurki, na hana zakarun layinmu masu ƙafar tsinke ko leƙowa, sannan na mayar mata da abinta lafiya lau. Ba a jima ba ciwon kaji ya shiga gidanta ya share komai, har da shi. Wato ƙwan da 'Yar Wake ta kwanta a kai shi ne iyakar abin da ya rage na zakaran nan a duniya.

Ranar da ta ƙyanƙyashe na kusa yin guɗa. Tsaki ne manya-manya, kowanne da 'yar safarsa a ƙafa. Nakan bar tuwo a wuta in je in tsuguna ina kallonsu.

Shi kuwa Janar kwikwiyo ne. Sabi'u ƙanin maigidana, wanda ke zaune a ɗakin zaure, shi ya shigo mana da shi a kwali. Sabi'u mai walda ne, amma zuciyarsa tana wajen farauta, wai zai rene shi ya zama karen da daji zai san da zamansa. Abu fari tas, ciki kamar tulu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wai shi ne Janar. Tun da ya shigo ban ƙara sanin tsabtar gida ba. Ya cinye min silifa ƙafa ɗaya. Ya janyo hijabina daga igiya ya yi birgima a kai. Ƙofar kicin ita ce masansa. In na manta tukunya a buɗe sai in tarar da kansa a ciki, in koma wanki da ƙasa ina tsaki. Buta kuwa ba ya ganinta a tsaye ya ƙyale.

Duk ranar da na kai ƙara, Sabi'u dariya yake yi. Kun san yadda ake tsakanin matar wa da ƙanin miji, komai wasa ne. Tun ina amarya muke tsokanar juna, ni in ce masa tuzuru, shi ya ce miyata ba gishiri, kuma ban taɓa jin haushi ba. To amma wasan nan ya zama masa rumfa. In na ɗaure fuska na ce karensa ya ishe ni, sai ya ce, "Haba matar Yaya, ɗanki ne fa, ke za ki ba shi tarbiyya." In na juya wajen maigidan ya ce shi ba ya shiga wasanmu. Na rasa da wane baki zan yi magana a gane ba wasa nake ba.

Ran Litinin abin ya faru. Kun san shirwa ta addabi unguwarmu, a kan rimin bayan gidanmu take kwana. Don haka na yi abin da kowa ke yi: na dama galura ruwan hoda a baho, na tsoma tsakin ɗaya bayan ɗaya don in ta hango su daga sama ta kasa gane ko mene ne, na kife su da kwando a rana su bushe. Miya ta fara kamawa, na ruga kicin. Da na fito, kwando yana gefe. Janar ya faɗa cikin bahon ya rine tun daga kunne har jela, ya bi tsakar gida da sawu ja-ja. Tsakina kuwa ya ɗebo su ya jera min a ƙofar ɗaki, wuyansu a karye. Ko ci bai yi ba. Da ya ci ma da na ce yunwa ce. Wasa ya yi da su, ya zauna a gefensu yana kaɗa jela yana jiran yabo. Huɗu kaɗai suka tsira, su ma don sun shige ƙarƙashin turmi.

Ina tsaye a kansu Sabi'u ya shigo. Da ya ga karensa ruwan hoda sai ya fashe da dariya har da dafa katanga, ya zaro waya ya ɗauki hoto. Da ya lura da gawarwakin ya ɗan tsagaita, ya ce, "Ayya. Yi haƙuri matar Yaya, ran kasuwa zan sayo miki wasu, har da zakara in kina so." Wasu. Kamar tumatir ne ya zube. Wallahi maganar nan ta fi mutuwar tsakin ƙona min rai.

Washegari ya tafi aikin ƙofofi wani gari, sai Juma'a zai dawo. Jiya na ga mutumin nan mai yawo da keji a bayan babur yana sayen karnuka, na tsayar da shi ta bakin zaure. Na san inda yake kai su, na kuma san ba kiwo ake kai su ba. Na ce ya dawo yau bayan la'asar, lokacin maigidan yana kasuwa, akwai wani da zan ba shi kyauta. Na kwanta zuciyata fes.

To, ga mafarkin.

Na gan ni a tsakar gidanmu, amma gidan ya yi faɗi kamar filin idi. Katanga ta ja baya can nesa. Igiyar shanya ta miƙe ba a ganin ƙarshenta, kuma duk abin da ke kanta hijabaina ne, kowanne da yagaggen baki. Rana tsaka ce amma ba zafi. Akurkina ya zama ɗaki sosai, da ƙofa da labule, an shimfiɗa tabarmi a gabansa. Sai na ji ana ta sallama. Kajin unguwa ne ke shigowa, kowace da mayafinta, suna neman wuri suna zama. Na gane su duka, ga baƙar kazar gidan mai niƙa, ga gurguwar nan da ke shigo mana ta rariya tana cinye min dusa. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Na san zaman makoki ake yi, na kuma san ni ce mai karɓar gaisuwa, don 'Yar Wake tana cikin ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ba ta kula kowa.

Kowace ta iso gabana sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?"

Ni kuma maimakon in ce da godiya, sai in ji bakina ya ce, "Babu shi."

Sai ta ce Allah ya ba da lada, ta koma ta zauna, kamar amsar da ta dace na bayar. Haka aka yi ta yi. An kawo ƙwaryar gumba ta sadaka an ajiye a tsakiya, ba wadda ta taɓa.

Sai kawai labulen ya motsa, ga Janar ya fito daga ɗakin makokin, jikinsa na ɗigar galura. Ya nufi ƙwaryar gumba ya tura kai ciki, ya kifar da ita, ya bi ta kan tabarmi da gudu yana taka mayafan baƙi. Duk inda ya taka sai sawun ya zauna ja. Ya zagayo ya hau cinyata, ya dube ni ido cikin ido, ya tsula min fitsari mai ɗumi. Kajin nan duka suka ɗaga kai suka buɗe baki. Na zaci kuka za su yi. Dariya ce ta fito, kuma dariyar Sabi'u ce, irin tasa mai ƙarewa da tari, daga bakin kowace kaza.

Na miƙe na ga muciya a hannuna, ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na bi shi. Ina gudu amma ƙafata kamar an ɗaura mata dutsen niƙa, shi kuma ba ya ko sauri, sai ya yi gaba kaɗan ya tsaya ya sosa ƙuma, in na kusa ya ƙara gaba. Na rantse a mafarkin, na ce yau ko ni ko shi. Ya shige rariya. Na sunkuya na bi shi, kuma na wuce sumul, ni da ko ƙofar akurki ba na iya shiga sai a kaikaice.

Da na fito ta ɗaya gefen ba layinmu na gani ba. Marina ce, ramukan rini jere har iyakar gani, amma babu shuni ko ɗaya, duk galura ce tana tafasa a hankali ba wuta. Ba kowa sai wani tsoho a bakin rami ɗaya, ya ba ni baya, yana juya ruwan da doguwar sanda.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ba ka ga wani kare ya wuce ba?"

Bai juyo ba. Ya tura sandar ya ɗago silifata, wadda aka cinye, ya duba, ya mayar. Ya sake turawa ya ɗago butata. Ya mayar. Na sake tambaya da ƙarfi, na ce kare nake nema, ɗan ƙarami, marar mutunci. Sai ya tura sandar can ƙasa ya ɗago Janar, ya matse shi kamar zane, ya shanya shi a kan igiya, ya ci gaba da juya ruwansa. Shi kuwa ɗan banzan yana rataye yana ɗiga, jelar nan ba ta fasa kaɗawa ba. Na cafke shi ta fatar wuya. Daɗin da na ji a lokacin, ku bari kawai.

Ina riƙe da shi ina tunanin ta inda zan fara, sai na ji ƙarar babur a sama. Inuwa ta rufe marinar. Shirwa ce ta sauko, girmanta ya kai rumbu, tana warin fetur. A bayanta an ɗaure keji da roba, irin na mutumin nan sak, har da tsumman da yake rufawa a kai. Ta sauka a gabana ta naɗe fukafukai.

Na miƙa mata shi na ce, "Ga shi. Kyauta na ba ki."

Ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta duba da ɗayan. Muryarta ba ta mace ba ce ba ta namiji ba. Ta ce, "Rinanne ne."

Na ce, "Kare ne! Ba ki ga kunnensa ba?"

Ta ce, "Ba na ɗaukar rinanne. Abin da aka rina yana da mai shi. Wa ya dama galurar?"

Na ce, "Ni na dama, amma ba don shi na dama ba. Shi ya faɗa ciki da rawar kansa."

Ta sa baki tana gyaran gashin ƙirjinta kamar ba na wurin. Na yi magiya, na yi zagi, na tuna mata tsakina na bara da ta ɗauke a gaban idona ba ta nemi izinin kowa ba. Ko kallo ban ishe ta ba. Jama'a, na shaƙa. Shekara da shekaru ina ɓata hannuna da galura don wannan ɓarauniya ta ƙyale min tsaki, yau da nake roƙonta ta ɗauka, yau ne za ta nuna min ita mai ƙa'ida ce.

Na ce to, in rini ne matsalar, yanzu zan wanke miki shi.

Sai kawai ga mu a bakin rijiyar gidanmu, gidan ya dawo daidai girmansa. Baƙin makoki sun watse, sai tabarmi. Shirwa tana kan katanga tana jira, katangar har lanƙwasa take don nauyi. Na jefa shi a baho na ja ruwa. Ku tuna fa, ni a farke ban taɓa sa hannu a jikin karen nan ba, da tsintsiya nake ture shi. Amma a mafarkin na naɗe hannun riga na danne shi da gwiwa. Na sa sabulun salo bai fita ba. Na sa toka. Na ɗebo yashi na haɗa da soson buhu na dirje shi iya ƙarfina. Ina dirza ina lissafa masa. Wannan na silifata ne. Wannan na hijabin da na je biki da shi sau ɗaya tak. Wannan na ƙofar kicin. Da na zo kan tsakin sai na kama kiran su da kamanninsu, mai baƙin kai, mai ɗigo a fuka-fuki, babbansu da na riga na san zakara zai zama, ina kira ina kuka ina ƙara danna soson.

Abin haushin, shi daɗi yake ji. Ya lumshe ido, ya ɗaga ƙafa wai in sosa masa ciki. Da na sunkuya ya miƙo harshe ya lashe min kumatu. Na ce Allah ya isa. Akwai lokacin da tafin hannuna ya sauka a ƙirjinsa na ji zuciyarsa tana bugawa da sauri-sauri, irin yadda ta tsako ke yi in an ɗauke shi, na yi maza na janye hannun na ƙaro yashi.

A hankali launin ya fara saki. Amma ba cikin ruwan yake zuba ba, ruwan bahon garai yake. Hannuna yake hawa. Ya kama yatsu, ya wuce wuyan hannu, ya kai gwiwar hannu. Ban damu ba. Na ci gaba har Janar ya koma fari tas kamar ranar da aka kawo shi a kwali.

Na ɗaga shi sama da hannu biyu na ce, "To yanzu fa?"

Shirwa ta buɗe fukafukai. Ko sauka ba ta yi ba, ta shafo kaina ta fizge shi, na ji iskar ta ɗaga min ɗankwali.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba ko a farke. Wani abu da ya tokare min ƙirji tun Litinin ya faɗa. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida. Na bi su da ido ina tafi ina cewa, je ka, Janar na masai, je ka yi farautar a can, ka gaishe min da masu tukunya. Na yi rawa a bakin rijiya, ni da rabona da rawa tun bikin ƙanwata. Ya yi ta ƙanƙancewa a sama, ƙafafunsa na wutsil-wutsil, ina jira in ji ya yi kukan kare ko sau ɗaya in ƙara jin sanyi.

Da ya buɗe baki, kukan tsako ya yi. Tsiyau, tsiyau, tsiyau, siriri, irin na wanda ya ɓace wa uwarsa.

Sai labulen akurki ya yage. 'Yar Wake ta fito a guje, gashinta duk a tashe, fukafukai a ƙasa suna share turɓaya, tana wannan ƙarar da kaza ke yi in shirwa ta sauko. Ta bi inuwar har jikin katanga, ta yi tsalle ta faɗo, ta sake tsalle ta faɗo. Da inuwar ta ɓace sai ta juyo kaina. Kazar da na rena tun tana ƙwai ta hau ni da sara, kuma ba ta saran ko'ina sai hannun nan da ya rine.

Na ce, "Ke, don ke na yi! 'Ya'yanki ya kashe!"

A mafarkin kowace kaza ta yi magana ban da ita. Ta sare ni har ta gaji, sannan ta juya ta yi ƙoƙ-ƙoƙ ɗin kiran 'ya'ya. Huɗun nan suka fito daga ƙarƙashin turmi da 'yan safarsu, suka bi bayanta, ta nufi zaure da su. Na ruga na ɗebo tsaba na watsa a gabansu. Suka bi ta kan tsabar suka wuce, ko ɗaya bai sunkuya ba.

Na bi su zaure. Sabi'u na tsaye a ciki, igiyar da yake ɗaure Janar tana hannunsa, ba komai a bakinta. Na ja na tsaya na gyara ɗaurin zane, don na shirya masa magana tun tuni. Jira nake ya yi dariyar nan in ce masa ran kasuwa zan sayo masa wani, har da mace in yana so. Maganar tana kan harshena, har ɗanɗanonta nake ji.

Bai yi dariya ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa kamar mai gaida surukarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina wuni, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

Na ce, "Sabi'u, ni ce fa."

Ya ce, "Allah ya ƙara girma."

Na ce, "Kai tuzuru, ɗago ka dube ni."

Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Ya miƙe, ya buɗe wa kajin ƙofar waje, ya jira suka fita, ya bi bayansu ya ja ƙofar a hankali. Na juyo tsakar gida. Tsaf take, an share, buta a tsaye, tukwane a rufe, hijabai a igiya ba ko yaga. Irin gidan da nake roƙon Allah ya ba ni tun ranar da kwalin nan ya shigo. Ba motsin komai. Na buɗe baki in kira kaji murya ta ƙi fita, ina ta ƙoƙari, sai na ji ladan yana assalatu.

Na farka wuyana sharkaf da gumi. Abin da na fara yi shi ne kunna fitila in duba hannuna. Ba komai sai ɗan jan da ya maƙale a farce tun Litinin.

Kada wata ta ɗauka na farka na huce. Da gari ya waye na buɗe ƙofa, ƙafar farko da na sa a waje cikin kashinsa na sa ta. Ya taho da gudu yana murna, bayansa har yanzu ruwan hoda, bakinsa ɗauke da marfin butata. Na buɗe akurki, huɗun suna nan lafiya ƙarƙashin uwarsu. Kuma 'Yar Wake ta gaskiya ba irin ta mafarki ba ce, tana fitowa ta gan shi ta tashi gashi ta sare shi a hanci, ya kwasa da gudu yana kuka ya shige bayan randa. Na ce Allah ya ƙara. Har yanzu in na kalli ƙofar ɗakina jerin nan nake gani, kuma har yanzu so nake a ce wani ya ji abin da na ji.

Maigidan ya fita bai san komai ba. Na so in ba shi labarin mafarkin, na tuna sai na haɗa da zancen mai keji, na fasa. Niyyata da ma in ce kwikwiyon ya bi wani ya fita.

To ku gaya min. Akwai masu cewa mafarkin gab da asuba ba ya ƙarya, akwai masu cewa wanda ya kwanta da fushi shirme kawai yake gani. Wanne ne nawa? Da shirwa ta ce abin da aka rina yana da mai shi, nufin karen nan ya zama nawa ke nan ko ina so ko ba na so, don kawai ni na dama galurar? Fitar 'Yar Wake da 'ya'yanta gargaɗi ne cewa in na ba da shi kiwon ma zai bar hannuna, ko Shaiɗan ne ke yi wa kare kamun ƙafa? In kuma na ƙyale shi, wa zai tsaya min a kan huɗun da suka rage?

Rana tana ta yi, mutumin nan kuma na ga alamar ba ya saɓa alkawari. Wadda ta sani ta taimake ni da wannan ko da ba ta amsa sauran ba: ni da na kwana ina roƙon ranar da Sabi'u zai daina yi min dariya, me ya sa da ya durƙusa ya ce min Hajiya na ji kamar an yi min mutuwa?